Shin kowace waya tana karɓar layin kowane kamfani?

Ummu_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga masu ilimin harkar waya a wannan zaure. Shin kowace wayar hannu tana iya aiki da layin kowane kamfanin sadarwa, ko kuwa akwai wayoyin da aka tanada don kamfani ɗaya kawai? Dalilin tambayar shi ne, yayana da ke zaune a Amurka ya aiko mini da waya ƙirar Samsung. Tana kunnuwa lafiya lau, amma da zarar na saka mata layi sai ta nemi a shigar da lambar buɗewa. Na gwada layina, na gwada na maigidana wanda na wani kamfani ne daban, duk abu ɗaya take nunawa. Mai gyaran waya na unguwarmu ya ce ba ta cin layin Najeriya, maigidana kuma ya ce shi bai taɓa jin wayar da ke zaɓen layi ba. Don Allah wanda ya sani ya warware mana.

Dan_Kurna:
Wa alaikumus salam. Ni dai a iya sanina waya waya ce, layi kuma layi ne. Tun da na fara riƙe waya nake sauya layi tsakanin MTN da Glo da Airtel, kuma babu wayar da ta taɓa ƙin karɓa. Ina kyautata zaton mazaunin sim ɗin ne ya samu matsala a hanya, ki kai ta a duba.

Injiniya_Funtua:
Malam Dan_Kurna, abin da ka faɗa gaskiya ne a kan wayoyin da muke saya a kasuwanninmu, amma bai shafi wadda ake magana a kai ba. Da mazaunin sim ne ya lalace, da cewa wayar za ta yi babu layi a cikinta kwata-kwata. Tunda har ta nemi lambar buɗewa, ta karanta layin ke nan, ta gane ba na kamfanin da aka ɗaure ta da shi ba ne, shi ya sa ta ƙi.

Ga yadda abin yake, 'yar'uwa. A Najeriya da Nijar mutum yakan je kasuwa ya biya kuɗin waya lakadan, sannan ya sayi layi daban, saboda haka babu wanda ke da dalilin kulle ta. A Amurka kuwa mutane da yawa daga hannun kamfanin sadarwa suke karɓar waya, irin su AT&T da T-Mobile da Verizon, su riƙa biya wata-wata har tsawon shekara biyu ko uku. Don kada mutum ya karɓi waya da rangwame sannan ya koma wani kamfani da ita, sai su sa mata kulle a cikin manhajarta. Kowane katin sim yana ɗauke da lambar ƙasa da lambar kamfanin da ya fitar da shi. Ta Najeriya 621 ce, ta Nijar 614. Wayar da ke kulle takan duba waɗannan lambobi tun kafin ta nemi sabis, idan ba su yi daidai da waɗanda aka rubuta mata ba sai ta tsaya cak. Injin wayar lafiyarsa ƙalau, umarni kawai aka ba shi.

Baba_Mai_Rediyo:
Allah ya saka da alheri, Injiniya. Amma bari in tuna wa yaranmu cewa ko a nan gida an yi zamanin da waya ke zaɓen kamfani, kuma ba da daɗewa ba. Lokacin da Econet da MTN suka fara aiki a 2001, layi kaɗai ya haura naira 20,000, mai kuɗi ne ke riƙe shi. A gefe guda kuma akwai kamfanoni irin su Starcomms da Multi-Links, daga baya Visafone ya shigo, waɗanda ke amfani da wata fasaha daban mai suna CDMA. Wayoyinsu da yawa ba su da wurin saka sim ma, lambar tana cikin jikin wayar ne. Na riƙe irinta a shagona, kuma ranar da sabis ɗinta ya ɗauke na dindindin babu abin da na iya yi da ita, jikokina suka mayar da ita abin wasa. Wannan ba kulle ba ne da za a ce a nemo lamba a buɗe, ƙirarta ce gaba ɗaya ta bambanta. MTN ya saye Visafone a 2016, daga nan kuma aka daina jin ɗuriyar irin waɗannan wayoyi.

Injiniya_Funtua:
Haka ne Baba, kuma ka taɓo abu na biyu da ake yawan cakuɗawa da na farko. Amurka ma ta daɗe a rabe gida biyu: AT&T da T-Mobile suna kan GSM irin namu, Verizon da Sprint suna kan CDMA. T-Mobile ya haɗiye Sprint a 2020, Verizon kuma ya rufe tsarinsa na CDMA a ƙarshen 2022, saboda haka wannan rarrabuwa ta kusa zama tarihi. Sai dai ta bar ƙanwarta a baya, wato maganar zango.

Tunda kai ma'abocin rediyo ne, Baba, ka san akwatin da ba shi da gajeren zango ba zai kamo tashoshin nesa ba ko da batirinsa sabo ne dal. Haka waya take. Kowane kamfani yana da zangon da hukuma ta ba shi lasisi ya yi aiki a kai, kuma kowace waya tana da jerin zangunan da aka ƙera ta ta iya kamawa. A Najeriya kira na 2G yana tafiya a kan 900 da 1800, 3G kuma galibi a kan 2100. A Amurka 2G ɗinsu a kan 850 da 1900 aka gina shi. Wayoyin zamani kusan duka suna ɗauke da zangunan 2G huɗun nan, shi ya sa kira ba ya ba da wahala. A 4G ne gizo ke saƙar, domin a Najeriya ana amfani da zango mai lamba 3 da 7 da 20 da 28, alhali Amurkawa sun fi dogara da 2 da 4 da 12 da 13 da 66 da 71. Wayar da aka ƙera don kasuwarsu tana iya rasa ɗaya ko biyu daga cikin namu. Idan haka ta faru, ko an buɗe kullen, za ta yi kira, za ta kama intanet, amma a wasu wuraren sai a ga ta maƙale a 3G yayin da wayar na kusa da kai ke kan 4G da layin kamfani ɗaya.

Malama_Zazzau:
Wannan bayani ya sa na fahimci wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Lokacin da Glo ya fito da 4G a 2016 an yi ta surutu cewa wayoyi da yawa ba sa kama shi, har mutane suka riƙa neman jerin wayoyin da suka dace. Ashe zangon 700 ne, mai lamba 28, wanda wayoyin wancan lokaci da dama ba su da shi.

Dan_Arewa_a_Amurka:
'Yar'uwa Ummu_Hanifa, kafin ki kashe ko sisi a wurin mai gyara, ki fara komawa kan yayanki, domin hanya mafi sauƙi tana hannunsa. A nan buɗe waya ba laifi ba ne. Shugaba Obama ya sa hannu a kan dokar da ta halatta shi a 2014. Kamfanonin suna buɗewa kyauta idan an cika sharuɗɗansu, waɗanda galibi su ne an gama biyan kuɗin wayar, ta yi wani wa'adi tana aiki a layinsu, kuma ba a kai rahoton an sace ta ko ta ɓata ba. Abin da zai buƙata shi ne lambar IMEI, wato lambar shaidar jikin wayar, mai alƙaluma 15. Ki danna *#06# a wurin buga kira za ta fito, ki tura masa, shi kuma ya shiga shafin kamfanin ko ya kira su. Wasu wayoyin lamba ake turowa a shigar, wasu kuma daga can ake buɗe su, ke dai ki haɗa ta da intanet ɗin gida ki sake kunna ta.

Wani abu da 'yan'uwa ba su cika sani ba shi ne, matsalar tana faruwa ta ɗaya ɓangaren ma. Baƙi sukan zo mana daga gida da wayoyinsu a buɗe, su sayi layi a nan, sai kira ya ƙi shiga. Dalili kuwa kamfanonin nan sun rufe 3G a 2022, kira ya koma bi ta kan 4G, abin da ake kira VoLTE, kuma akwai kamfanin da ba ya barin waya ta hau layinsa sai tana cikin jerin waɗanda ya amince da su. Waya mai kyau, mai tsada, a buɗe, amma ba ta cikin jerin, shi ke nan.

Mai_Waya_FarmCentre:
Ni sana'ata ke nan, bari in faɗi yadda muke gani a kasuwa. Wayoyin da ake shigowa da su na hannu kashi biyu ne, akwai buɗaɗɗu akwai kullallu, kuma kowane ɗan kasuwa mai tsoron Allah yakan faɗa wa mai saye wacce ce wacce, domin farashinsu ba ɗaya ba ne. Idan Samsung ce ta Amurka, ka duba lambar ƙirarta a cikin saiti. Wadda ta ƙare da harafin U ta hannun kamfanin sadarwa ta fito, tana iya zama a kulle ko an riga an buɗe ta. Wadda ta ƙare da U1 kuwa a buɗe aka sayar da ita tun farko. Idan iPhone ce, ka shiga Settings, ka danna General, sannan About, ka gangara ƙasa. In ka ga an rubuta "No SIM restrictions" to a buɗe take.

Kullalliyar iPhone ba a jefar da ita. Akwai wani ɗan siririn cip, bai kai kaurin takarda biyu ba, da muke shimfiɗawa a ƙarƙashin sim kafin a tura shi ciki, shi ne ke rufa wa layin asiri har wayar ta ɗauka na kamfaninta ne. Ɗalibai da yawa da ita suke fara riƙe iPhone, domin ragin kuɗin ba kaɗan ba ne.

Hajiya_Bauchi:
Malam mai waya, ka yi haƙuri, amma ba ka ƙarasa labarin ba. Na saya wa 'yata irin wannan mai cip ɗin a wani shago, an kuma faɗa mini gaskiyar cewa a kulle take, ban zargi kowa ba. Sai dai ba a faɗa mini cewa ranar da ta sabunta manhajar wayar sabis zai ɗauke ba. Haka muka riƙa zarya wurin mai gyara, yau a sake saita cip, gobe kira ya shiga amma saƙo ya ƙi fita, jibi a cire layi a kasa mayar da shi. Duk ranar da take son sauya layi sai an sake sabon aiki. Da muka lissafa abin da aka kashe, ragin da aka yi mana ya tafi. Araha ba ta ado.

Mai_Waya_FarmCentre:
Hajiya, ban musa ba, hakan yana faruwa, shi ya sa muke cewa kada a sabunta sai an tambaye mu. Amma akwai waɗanda suka shekara da ita ba su dawo mana da ƙorafi ba. Wanda kuɗinsa bai kai na buɗaɗɗiya ba, ba za mu ce masa ya haƙura da waya ba.

Injiniya_Funtua:
Ni a nan ina bayan Hajiya. Kullen iPhone ba a cikin wayar kaɗai yake ba, yana rubuce a na'urorin Apple, kuma kamfanin sadarwar da ya sa shi ne kawai zai iya ba da umarnin a cire. Cip ɗin ba ya cire komai, zagaye yake yi, shi ya sa duk lokacin da aka toshe hanyar da yake bi sai wayar ta koma gidan jiya. Wanda ya ce maka zai buɗe iPhone har abada da kwamfutarsa a shago, ka tambaye shi ta wace hanya. Waya kuma da ba za a iya sabunta ta ba, ban ga hikimar ajiye manhajar banki a cikinta ba.

Ummu_Hanifa:
Na gode ƙwarai da gaske, Allah ya bar zumunci. Na duba kamar yadda Malam mai waya ya ce, lambar ƙirar da U ta ƙare. Na kuma yi magana da yayana, sai ya ce ba daga kamfani ya saye ta ba, wani abokin aikinsa ne ya sayar masa, kuma bai tambaye shi ko ya gama biya ba. Ya ce zai neme shi.

Dan_Arewa_a_Amurka:
To a nan ne za a san inda aka dosa. Idan mutumin ya gama biya, aikin 'yan mintoci ne. Idan kuwa akwai sauran bashi a kanta, kamfanin ba zai buɗe ba sai an biya, kuma idan ya daina biya gaba ɗaya suna iya saka lambar IMEI ɗinta a baƙin kundi, yadda ko a nan Amurka ba za ta ƙara hawa layi ba. Wannan shi ne abu na uku bayan kulle da zango. Ba kowace ƙasa ce ke aiki da wannan kundi ba, shi ya sa irin waɗannan wayoyi suke kwararowa Afirka da araha.

Almajirin_Malam:
Ina neman afuwa idan na karkatar da zancen, amma maganar Dan_Arewa ta sa dole in yi tambaya. Idan waya tana da bashi a kanta, wanda ya karɓe ta ya ƙi biya ya sayar, mu kuma muka saya muka fasa kullen da dabara, ba mu shiga haƙƙin wani ba? Kamfani ne ko ba kamfani ba, dukiya dai tana da mai ita. Ba ina magana a kan 'yar'uwarmu ba, domin ita kyauta aka ba ta kuma tana bin hanyar da ta dace. Ina magana ne a kan wanda ya san halin da wayar ke ciki kuma ya saya.

Mai_Waya_FarmCentre:
Malam, tambayarka tana da nauyi, kuma mu ma muna tattauna ta a tsakaninmu. Abin da zan ce shi ne ba kowace kullalliya ce mai bashi ba. Da yawa masu su sun gama biya tuntuni, ba su dai nemi a buɗe ba saboda ba su da niyyar sauya kamfani, suka ba da ita aka ba su sabuwa, ita kuma ta biyo dila zuwa Dubai ko Legas. Akwai shafukan da ake saka IMEI a ga ko tana baƙin kundi. Ni dai wadda ta nuna an kai rahoton sata ba na karɓa. Hukuncin sauran kuma sai malamai.

Dan_Maradi:
Ina biye da ku tun farko. Ina so in ƙara wani ɓangare, domin tambayar da aka yi ita ce ko waya tana aiki a kan kamfanoni daban-daban, kuma mu mazauna bakin iyaka kullum muna ganin layi ɗaya ma yana yin haka, ba waya kaɗai ba. Wanda ya taso daga Katsina ya wuce Jibiya ya nufo Maraɗi, ko ya bi ta Illela zuwa Birnin Ƙonni, zai ga sunan kamfanin da ke saman allon wayarsa ya sauya ba tare da ya taɓa sim ba. Layinsa na Najeriya ne ya hau turken wani kamfani na Nijar, saboda akwai yarjejeniya tsakaninsu, wato romin. A nan muna da Airtel da Moov da Zamani, wanda a da shi ne Orange, da kuma Niger Telecoms. Abin lura shi ne kuɗin kira da na data a wannan hali ba irin na gida ba ne, kuma a ƙauyukan da ke daf da iyaka waya takan tsallaka da kanta alhali mai ita yana zaune a ƙofar gidansa bai je ko'ina ba. Maganinsa shi ne a shiga saiti a zaɓi kamfani da hannu maimakon a bar wayar ta zaɓa. Dattawanmu 'yan kasuwa har yanzu suna tuna tsarin One Network na zamanin Celtel da Zain, tsofaffin sunayen Airtel, lokacin da ake tsallakawa da layi ba tare da fargabar karɓar kira ba. Yanzu yawancinmu waya mai layi biyu muke riƙewa, ɗaya mai 227 ɗaya mai 234.

Malama_Zazzau:
To me ya sa a cikin Najeriya ba a yin haka? Idan na je garinmu sabis ɗin layina ba ya kaiwa, amma na wani kamfani yana nan cike, kuma wayata tana ganinsa idan na bincika, sai dai ta ƙi hawa.

Injiniya_Funtua:
Wayarki tana iya hawa, Malama, kamfanin ne ba ya karɓar layinki saboda babu yarjejeniya tsakaninsa da naki. Ana iya yin hakan a cikin ƙasa ɗaya idan kamfanonin sun daidaita kuma hukuma ta yarda. A 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da irin wannan yarjejeniya tsakanin MTN da 9mobile, yadda masu layin 9mobile za su riƙa hawa turakun MTN. Idan babu irin wannan, abin da ya rage shi ne kiran gaggawa, shi ya sa wani lokaci za ki ga waya ta rubuta cewa kiran gaggawa kaɗai za a iya yi. Tana ganin turken wani kamfani ne, amma ba a ba ta izinin komai ba sai wannan.

Sarkin_Samarin_Gombe:
Ai an daɗe da warware wannan matsala. Tun Afrilun 2013 NCC ta ba da damar mutum ya sauya sheƙa daga kamfani zuwa kamfani da lambarsa. Ka je ofishin kamfanin da kake son komawa da shaidarka, a cike maka takarda, ka tura kalmar PORT zuwa 3232, a ba ka sabon sim. Shi ya sa yanzu ba a rantsuwa cewa 0803 MTN ce, ko 0802 Airtel, ko 0805 Glo. Ita ma 'yar'uwar da ta yi tambaya ta gwada wannan ko za a dace.

Baba_Mai_Rediyo:
Yaro, ka haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Sauya sheƙa lamba yake ɗauka daga wani kamfani zuwa wani, bai taɓa jikin waya. Wayar da ta ƙi layin Najeriya, ko wane kamfani aka mayar da lambar, layin Najeriya ne dai za a saka mata. Amma ga Malama_Zazzau shawararka tana da amfani, idan har ta tabbata kamfanin da ke da sabis a garinsu yana da shi a inda take aiki. Ta kuma cinye katinta da datarta kafin ta tafi, domin ba sa bin mutum.

Dan_Kurna:
Na karanta duk bayanan, na kuma ƙaru. Amma har yanzu ina nan a kan cewa ga talaka da ke sayen Tecno ko Itel ko Infinix a kwali, amsar tambayar nan ita ce e, kowane layi yana shiga. Duk wannan dogon lissafi na masu wayoyin ƙasashen waje ne. Kada a tsorata mutane.

Hajiya_Bauchi:
Ba na masu wayoyin waje kaɗai ba ne, Malam. 'Yar ƙaramar na'urar intanet ta aljihu da kamfanonin sadarwa ke sayarwa a nan gida fa? Na sayi ɗaya da araha har da kyautar data, da sabis ɗinsu ya yi rauni a unguwarmu na saka mata wani layi, ta ƙi. Wannan ma kulle ne, kuma a Najeriya aka sa shi. Sannan ga wayoyin da ake bayarwa bashi ana biya kaɗan-kaɗan, waɗanda ke rufewa idan an yi jinkirin biya.

Injiniya_Funtua:
Na'urar intanet ɗin misali ne mai kyau, Hajiya, kulle ne iri ɗaya sak. Ta bashin kuwa daban ce, domin ita wayar ce gaba ɗaya ake rufewa ba tare da la'akari da layin da ke ciki ba, kamar yadda kullen iCloud na iPhone ma daban yake; wannan na asusun mai wayar ne, kuma babu kamfanin sadarwar da zai iya cire shi.

Malam Dan_Kurna, na yarda da kai a kan wayoyin kwali, domin don kasuwarmu aka ƙera su kuma zangunanmu aka sa musu. Sai dai ko a cikinsu akwai abin lura. Tsofaffin wayoyi masu layi biyu da yawa layi ɗaya ne kawai ke hawa 4G, na biyun yana zaune a 2G, sai mutum ya yi ta zagin kamfani alhali ramin da ya saka sim ɗin ne sanadi. Haka kuma 5G da MTN ya fara a 2022, Airtel ya biyo a 2023, a kan zangon 3500 yake, kuma ba kowace waya mai tambarin 5G ce ke hawa ba sai manhajarta ta san kamfanin.

Game da kulle kuwa, wasu ƙasashe sun hana shi gaba ɗaya. Kanada ta hana sayar da kullalliyar waya tun Disambar 2017, Birtaniya ta bi sahu a Disambar 2021. Saboda haka sabuwar waya da ta fito daga can ta fi ta Amurka kwanciyar hankali ta wannan fuska.

Dan_Arewa_a_Amurka:
Tunda an zo nan, ga gargaɗi ga masu sa a sayo musu iPhone daga Amurka. Tun daga iPhone 14 da ta fito a 2022, wadda ake sayarwa a nan ba ta da ramin sim ko ɗaya, sai eSIM, wato layin da ake saukewa a cikin waya ta hanyar ɗaukar hoton wata alama. Ko a buɗe take, sai kamfaninka yana ba da eSIM za ta yi maka aiki, kuma sai an mayar da layinka zuwa eSIM. MTN ya fara bayarwa tun 2020, Airtel kuma a 2023. Wanda ke zaune a babban gari ba zai sha wahala ba, amma wanda ke yawo tsakanin ƙasashe kamar Dan_Maradi, yana sayen layi a bakin hanya, ya yi tunani tukuna.

Mai_Waya_FarmCentre:
Wannan gaskiya ne, har akwai masu fasa irin waɗannan wayoyi su dasa musu ramin sim, kuma ni ba na ba da shawarar a saye su, domin an riga an taɓa injin. Amma maganar zango da Injiniya ke ta nanatawa, ni a kasuwa ban ga tana damun kowa ba. Mai saye kyamara yake tambaya, da batir, da girman ma'ajiya. Ba a taɓa dawo mini da waya don ta rasa zango mai lamba 20 ko 28 ba.

Malamin_Kauye_Gumel:
Ba a dawo maka da ita ba ne saboda a cikin Kano kake sayarwa, inda turaku suka yi yawa kuma kowane zango yana samuwa. Ƙananan zanguna irin 700 da 800, wato masu lamba 28 da 20, su ne ke tafiya nesa, su ne kuma ke ratsa bango, saboda haka mu da ke nesa da turke su muka fi dogara da su. A makarantar da nake koyarwa, ni da wani abokin aikina layin kamfani ɗaya muke amfani da shi. Tasa wayar ta kwali ce mai sauƙin kuɗi, tawa ta hannu ce daga waje wadda ta ninka tasa tsada. A cikin ofis shi yana kan 4G yana sauke takardu, ni kuwa sai na fita bakin katanga na ɗaga hannu sama. Wanda ya sayi irin tawa ba zai dawo maka ba, domin kamfanin zai ɗora wa laifi, ba zai taɓa kawo wayar a ransa ba. Injiniya, idan akwai hanyar da mutum zai duba zangunan waya tun kafin ya biya kuɗi, ka taimaka mana da ita.

Injiniya_Funtua:
Akwai, Malam. Ka ɗauki cikakkiyar lambar ƙirar daga cikin saiti, ba sunan da ke jikin kwali ba, domin suna ɗaya yana iya zama da ƙira huɗu ko biyar gwargwadon ƙasar da aka yi wa ita. Ka bincika wannan lamba a shafin kamfanin da ya ƙera wayar, ka duba jerin zangunan 4G, ka tabbata akwai 3 da 7 da 20 da 28. Sannan kafin ka bar shagon ka saka layinka na gaske, ka yi kira, ka kunna data, in da hali ka gwada layin wani kamfani na biyu. A cikin gari gwajin ba zai nuna maka rashin ƙaramin zango ba, saboda haka ga mai komawa ƙauye jerin nan ya fi gwajin muhimmanci.